Kunnen Fumie da Faifai Dubu Uku

Shekara talatin da ɗaya muka yi da Kogure Fumie a masana'anta ɗaya, ita a ɗakin saurare, ni a teburin naɗe kaya. Masana'antar tana bayan tashar jirgin ƙasa ta garinmu, tsakanin wani kamfanin kwali da gonar albasa, kuma tun kafin a haife ni ake buga faifan garmaho a cikinta. Ni sunana Sunaga Michiyo. Fumie ta girme ni da shekara tara, shi ya sa nake ce mata Yaya, ita kuma ta ce mini Michi.

Tana da shekara goma sha takwas ta shiga aikin, makonni kaɗan bayan ta gama sakandare. Da farko wajen saka faifai a jaka aka ajiye ta. Wata rana ta ce wa dattijon da ke kula da inji na huɗu injinsa ya canja murya. Ya kore ta, ya ce ta je ta yi abin da aka kawo ta yi. Kafin a tashi aiki injin ya tsaya cik. Washegari aka kai ta ɗakin saurare, can kuma ta zauna.

Aikin ba shi da wuyar bayani. Inji yana matse dunƙulen roba mai zafi tsakanin faranti biyu na ƙarfe masu ɗauke da zanen waƙa, faifai ya fito. Cikin kowane ɗari biyu a zaro ɗaya a kai wa Fumie. Ta ɗaga shi a ƙarƙashin fitila ta jujjuya, sannan ta ɗora masa allura ta saurara daga farko har ƙarshe. In ta gamsu, ta danna hatiminta a takarda, kaya su wuce wurina. In ba ta gamsu ba, ta fito bakin ƙofa ta ɗaga hannu, a tsayar da inji. Ta taɓa gaya mini cewa ba ta san baitin waƙa ko ɗaya ba cikin dubban da ta saurara. Abin da ke ƙarƙashin waƙar take bi: ƙas, tsit, shuu, ko allura ta yi tuntuɓe.

Tattalin kunnenta take yi kamar jariri. Ba ta shiga gidan caca mai ƙarar injina, ba ta zuwa kallon wasan wuta. A walimar ƙarshen shekara, da an ɗauko makirufo za a fara rera waƙa, sai ta tura auduga a kunne ta ci gaba da cin abincinta. Mijinta Isamu direban bas ne, ga shi da minshari, don haka tun suna sababbin aure ta raba musu ɗaki. Yakan ce mana, "Ni kunne aka aura mini. Matar dai har yanzu ina jiran a kawo ta." Ita kuma ta ce, "Ai da kai ma faifai ne da tuni na mayar da kai."

Ni na shigo ne lokacin da faifai ke mutuwa. Kaset da sidi sun kwashe kasuwa, injina goma sha biyu suka koma ɗaya, sauran aka lulluɓe su da tamfol. Mazan da suka san inji aka riƙa sallamar su ɗaya bayan ɗaya. Fumie takan yi kwana uku ba a kawo mata abin saurare ba, sai ta zo ta taya ni haɗa kwali. Kusan shekara ashirin muka yi a haka, kullum muna jiran ranar da za a ce an rufe.

Sai kwatsam faifai ya dawo. Matasan da ba su taɓa ganin garmaho a gidan iyayensu ba suka shiga nemansa, tsofaffin waƙoƙin da aka manta da su aka hau sake buga su. Aka yaye tamfol daga injina huɗu. Amma dattawan da suka san halin injinan, wasu sun mutu, wasu ƙafa ta ƙi. Tukunyar tururin da ke ba injinan zafi kuwa ita ce dai wadda Fumie ta tarar ranar da ta shigo. Aka kawo mana sabon manaja mai suna Motegi daga wani kamfanin robobin zuba abinci. Ba mugu ba ne. Mutum ne da wayarsa ba ta daina kuka, ga gyambon ciki, kullum da ƙwayar magani a aljihun riga.

A shekarar da Fumie ta cika sittin da biyu, wata mata daga Tokyo mai suna Tsukui ta kawo mana aiki. Ita kaɗai ce kamfaninta, sai wani ɗan ɗaki a saman shagon aski. Shekara shida ta yi tana bin iyalan wata mawaƙiya, marigayiya Nonomura Kinue, kafin su yarda ta sake buga faifanta guda ɗaya tilo. Faifan ya fito tun muna yara, bai sayu ba, mai shi ta mutu, daga baya kuma ya zama abin nema ruwa a jallo. Dubu uku Tsukui take so, duk an riga an yi odarsu, kuma dole su isa shaguna kafin uku ga watan Nuwamba, ranar da masu sayar da faifai ke bikinsu.

Da aka buga na gwaji ta zo da kanta, ta zauna a ɗakin Fumie ta saurara. A waƙa ta uku ta gefe na biyu akwai wurin da kiɗa duk yake ɗaukewa, sai muryar matar da jita kaɗai, a hankali kamar tana magana da wanda ke barci. Nan Tsukui ta fara share hawaye. Da ta fito ta rusuna wa Fumie har ƙasa, ta ce, "Kogure-san, na bar miki muryar nan."

Ƙarshen Satumba aka fara bugawa. Zafin shekarar ya ƙi tafiya, ayyuka sun taru, tukunyar tururi tana ta nishi. Don a cim ma lokaci Motegi ya sa aka rage wa kowane faifai 'yan daƙiƙu a cikin inji. A rana ta biyu da hantsi na ga Fumie a bakin ƙofarta, hannu a sama.

Na kawo kwalaye ne na tarar da su a tsaye, ita da Motegi, don haka a kunnena aka yi.

"Manaja, robar ba ta cika zanen ba," in ji ta. "A wajen da muryar ta rage ita kaɗai, akwai ƙara kamar ana yaga ƙyalle."

Motegi ya shiga ɗakin, ya saurara, ya fito. "Ni ban ji komai ba."

"Ba a kowanne yake ba. Na saurari goma, na ji a uku."

"Uku cikin goma, a wuri ɗaya, na daƙiƙa nawa?"

"Biyu. Wataƙila uku."

Ya yi dariya, irin ta wanda cikinsa ke ciwo. "Kogure-san, daƙiƙa biyu. Waye zai ji in ba ke ba? Mutanen nan rabinsu ba sa ma buɗe ledar, a bango suke jingine shi su ɗauki hoto."

"Rabin da ke buɗewa fa?"

"To me kike so a yi?"

"A mayar da lokacin yadda yake, a niƙe waɗanda aka buga, a sake."

Ya ce in aka yi haka ba za a gama ba sai tsakiyar Nuwamba. Ya ce bayan na Tsukui akwai ayyuka goma sha ɗaya a layi, kuma duk wanda aka saɓa wa alkawari zai kwashi aikinsa ya kai ƙasar waje, inda ake bugawa da araha. Ya nuna mata falon masana'antar da hannu. "Mutum ashirin da shida ne a nan. Ke kin ga lokacin da aka lulluɓe injinan nan, ni ban gani ba. Kina so ki sake gani?"

Fumie ta juya ta koma ɗakinta. Da rana muka zauna a bayan sito inda muke cin abinci, ta buɗe dunƙulen shinkafarta ta riƙe, ba ta kai baki ba.

Na ce, "Yaya, ki ƙi kawai. In yana so ya danna nasa hatimin."

"Nasa ba ya aiki a takardar."

"To ai shi ke nan, sai ya bi taki."

"Michi, kin tuna Oshida?" Oshida shi ne mai kula da inji na bakwai a da. Bayan an sallame shi gadin wurin ajiye kekuna ya koma a tasha, yana sunkuyar da kai in ya hango mu. "Kullum na wuce tashar nan sai na tuna shi."

Da yamma takardar ta iso teburina tare da kwalayen farko. Hatiminta yana jiki, ja, a inda ya saba zama. Na leƙa ɗakinta na ga ta juya wa ƙofa baya. Ban shiga ba.

Faifan ya fita a kan lokaci. Kwana huɗu muka samu na shiru. A rana ta biyar Tsukui ta bugo waya, a ta shida kwalin farko ya dawo, kafin mako biyu babu wurin aje ƙafa a bayan teburina. Ni ce mai buɗe kayan da aka mayar, don haka ni na karanta wasiƙun. Wasu layi ɗaya ne. Wasu shafi uku. Wani dattijo ya rubuto da alƙalami, rubutu mai kyau, ya ce shekara arba'in yana neman faifan nan, ya faɗi minti da daƙiƙar da ƙarar take, sannan ya ba da haƙuri wai ya dame mu. Wannan ta fi zagi ciwo. Wani kuma ya ɗauki ƙarar da waya ya ɗora a intanet, ya maimaita wurin sau goma a jere, mutane suna ta rubutu a ƙasa: a masana'antar nan babu mai kunne ne?

Na ɓoye wa Fumie wasiƙun, amma ta zo da kanta ta ce in ba ta. A tsaye ta karanta su, ɗaya bayan ɗaya, ta jera su yadda ta same su, ta koma ɗakinta.

Tsukui ta zo ranar wata Litinin. Ta rame, idanunta sun faɗa. Aka zauna a ofis, ita da mai masana'antar da Motegi da Fumie, ni kuma aka ce in kawo shayi da lissafin kayan da suka dawo. Tsukui ba ta ɗaga murya ba. Ta ce 'yar marigayiyar ta kira ta, ta ce ta saurari nata faifan, ta ji an yaga muryar uwarta. Ta ce, "Abu ɗaya nake so in sani. Babu wanda ya saurara ne kafin ya fita?"

Motegi ya buɗe fayil, ya zaro takardar ya ajiye a tsakiyar tebur. "An saurara. Mai duba mana ta amince da shi."

Na dubi Fumie. Na jira ta ce ta ɗaga hannu, ta ce an yi gardama, ta ce uku cikin goma. Sai ta miƙe tsaye, ta haɗa hannuwa a gaba, ta rusuna, ta daɗe a haka. "Hatimina ne. Ki gafarce ni."

Tsukui ta dube ta, ta ce a hankali, "Ke na bar wa ita, Kogure-san."

Da muka fito na ja ta bayan sito. "Haba Yaya! Me ya hana ki faɗa? Ai ina wurin, da kunnena na ji. Ki bari in koma in gaya musu."

"Ki gaya musu me? Cewa na ji, na sani, na danna? Wannan ai ya fi muni." Ta gyara hular aikinta. "Shi bai ji ba, Michi. Da gaske bai ji ba. Ni ce na ji."

Aka yanke shawara za a sake buga dubu ukun a aika wa kowa sabo, faifan kaɗai a farar jaka, da katin ban haƙuri. Aka gyara tukunyar tururi, aka mayar da lokacin inji yadda yake, babu wanda ya ce don me. Fumie ta ce wannan karon ba ɗaya cikin ɗari biyu za ta saurara ba, ɗaya cikin talatin. Mako biyu na watan Disamba ta yi a ɗakin nan daga buɗewa har tashi, ba ta fitowa cin abinci, sai in ajiye mata a bakin ƙofa. Wurin da aka samu matsala take komawa, ta ɗaga allura ta mayar, ta ɗaga ta mayar. Ina wucewa ina jin muryar marigayiyar ta cikin ƙofa mai kauri, abin da ban taɓa ji ba a baya. Na ce mata, "Yaya, ba ki ƙure ƙarar nan da yawa ba?" Ta ce so take kada ko numfashin sauro ya wuce ta.

Ni kuma nawa aikin ya ishe ni. Adireshi dubu uku, wasu ta shaguna, wasu gida-gida, wasu har ƙasashen waje. Wani ya ƙaura, wani ya sayar da nasa ga wani, wani ya ce ba zai mayar da tsohon ba sai ya ga sabon. Guda goma sha ɗaya suka lanƙwashe a hanya, na sake aikawa. Wata mata ta riƙe ni a waya minti arba'in tana tambaya ko faifai ta saya ko zuwa gidan waya. Amma a ƙarshen Janairu kwali na ƙarshe ya fita, muka sayi wainar shinkafa mai zaƙi muka ci a bayan sito, Fumie har da dariya.

Kwana tara bayan nan wasiƙa ta zo daga wata ɗaliba. Ta ce gefe na biyu ya yi kyau yanzu, ta gode. Amma a farkon gefe na ɗaya, ta ɓangaren hagu, akwai wani siririn fito da ke dawowa duk zagaye, wanda babu shi a faifan farko. Na ce a raina neman magana ne. Washegari biyu suka zo masu irin wannan bayani. Ranar da suka kai bakwai na ɗauki faifai ɗaya cikin ragowar na ƙwanƙwasa ƙofar Fumie.

Ta karanta wasiƙun, ta ɗaure fuska. "Babu wani fito. Gefen nan na saurare shi ya fi sau ɗari." Ta goge faifan, ta ɗora allura. Muka tsaya mu biyu a ɗan ɗakin.

Ban taɓa zama mai kunne ba. Ni ko rediyo ya cika shuu ba na damuwa. Amma kiɗan yana farawa na ji shi: tsii, tsii, tsii, siriri kamar kukan ƙwaro a cikin ciyawa, duk zagaye sau ɗaya. Ya yi kusan rabin minti sannan ya ɓace.

Fumie ta ɗaga allura. "Kin gani? Tsaf yake."

Na tsaya ina kallon faifan.

Ta juyo ta dube ni. "Michi?"

"Ki sake sawa, Yaya."

Ta sake. Wannan karon ba faifan take kallo ba, fuskata take kallo. Na yi iya ƙoƙarina, amma duk sanda fiton ya zo sai idona ya ƙifta.

"Kina ji," ta ce.

"Ina ji."

"Yanzu?"

"Yanzu. Ga shi kuma. Ga shi kuma."

Ta murɗa ƙarar har bango ya fara rawa. Ta karkatar da kai, ta kawo kunnen dama, ta kawo na hagu, ta rufe ido. Sannan ta kashe, ta zauna a kujerarta, ta ɗora hannuwa a gwiwa. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, tun tsakiyar Disamba take jin wani ƙugi a kunnen hagu, dare da rana, ta ɗauka gajiya ce.

Aka ɗauko farantin ƙarfen aka duba. Wani ɗan karce ne, wataƙila daga ƙyallen gogewa, wanda ido ba ya gani sai an kwantar da fitila. Tun daga faifai na ɗari shida ya shiga, ya bi duk sauran.

Isamu ne ya kai ta asibitin kunne, ni na raka su. Likitar ta nuna mana takarda mai layi biyu, duka sun gangara a ƙarshe, na hagu ya fi faɗuwa. Ta ce siraran sautuka sun daɗe suna tafiya a hankali, abin shekaru ne, amma makonnin nan na ƙara mai yawa sun ƙarasa abin da ya rage a hagu. Ta ce magana da mutane ba za ta gagare ta ba. Fumie ta tambaya, "Zai dawo?" Likitar ta ce a'a. A mota Isamu ya buɗe baki zai yi irin barkwancinsa, ya dube ta ta madubi, ya rufe.

Tsukui ba ta sake zuwa ba. Ta aiko da takarda cewa bugu na uku a wata masana'anta za a yi shi, a aika mata da kayanta. Ni na naɗe su. Daga baya na ji cewa na ukun ya fito lafiya, amma mutane da yawa sun gaji sun ce a bar shi, kuma Tsukui ta saki ɗakin da ke saman shagon askin ta koma aiki a wani kamfani. Ban san gaskiyar wannan ba, ji na yi.

Fumie da kanta ta je ta ce wa mai masana'antar a cire ta daga ɗakin saurare. Saura wata biyu kwantiraginta na shekara ya ƙare, ta ce a ba ta kowane aiki kafin nan. Aikin da ke akwai shi ne na faifan da suka dawo. Sun kusa dubu biyar, na farko da na biyu, jibge a sito. Sai an huda tsakiyar kowanne an cire takardar, sannan a jefa shi injin niƙa, robar ta koma gari a sake narkawa. Na ce mata ta bari a ba wani, ta ce ita ta san su. Haka ta yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, cikin sanyin Fabrairu, da safar hannu. Injin niƙan ya fi komai ƙara a masana'antar. Motegi yakan bi ta wata hanya don kada ya wuce ta gabanta.

Ranar ƙarshe ga Maris aka ba ta furanni a falon masana'anta, aka tafa. Mai masana'antar ya yi jawabi a kan shekara arba'in da huɗu, bai ambaci zancen faifan nan ba. Ta rusuna, ta gode wa kowa, ta hau kekenta da furannin a kwando.

Ɗakin saurare yanzu mata biyu ne a ciki, 'yan ashirin da wani abu, da wata kwamfuta mai zana sauti a allo. Kunnuwansu garau ne, suna jin abin da ni ba na ji. Sai dai in sun ji ba su san daga ina yake ba, ko tururi ne, ko faranti, ko roba, ko ƙura. Sukan tsayar da inji a kan abin da bai kai ba, su bar wanda ya kai ya wuce. Kwalayen da ke dawowa teburina ba su ragu ba.

Fumie kuwa ta samu aikin safe a wurin wata manomiya, tana ɗaure alayyafo dami-dami. Ina zuwa gidanta duk Lahadi ta biyu. In muna hira takan juyo mini da kunnen dama, in kuma Isamu ya yi magana daga hagu sai ya maimaita, yana mita wai da can ma ba ta jin maganarsa, yanzu ta samu takardar likita.

A watan Yuni ina can sai ga Motegi a bakin ƙofa, da kwat, da kwalin alewa a hannu, gumi ya jiƙa masa wuya. Fumie ta shigo da shi, ta zuba masa shayin sha'ir mai sanyi. Ya yi ta kewaye-kewaye, zancen ruwan sama, zancen ciwon cikinsa. Daga ƙarshe ya ce yaran ɗakin saurare suna buƙatar mai koya musu, ko kwana biyu a mako, ba sai ta saurara ba, ta dai zauna kusa da su.

"Manaja, ai ba na ji," in ji ta.

"Su suna ji. Sanin ne babu." Ya juya kofinsa a kan tebur. "Kuma in sun ce a tsaya, wani lokaci ina... ba su iya tsayawa a kan maganarsu ba."

"Ni na iya?"

Kunnuwansa suka yi ja. Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana kallon tabarma. Na ɗauka zai faɗi abin da ya kamata ya faɗa tun a ofis, har na gyara zama. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ki dai yi tunani, Kogure-san."

Ta ce za ta yi. Ta raka shi bakin ƙofa, ta dawo ta buɗe kwalin alewar, ta tura mini. Na ce, "To Yaya, za ki je?" Ta ce alayyafon bana ya yi yawa, matar ba ta da mai taya ta, a bari tukuna a ga ƙarshen kaka.

Kaka ta wuce, an shiga sanyi. Motegi ya tambaye ni sau biyu ko ta ce wani abu. Na ce masa ya san gidan.